Garejin Kunne

A Gummi, idan mota ta wuce ta gaban rumfar mai shayi ta bakin tasha, kowa ɗaga kai yake yi ya dube ta, amma ban da Namadi. Shi rufe ido yake yi. Sai ya karkata kai gefe guda, ya ɗaga ɗan yatsa a yi masa shiru, sannan ya yanke wa motar hukunci: wannan boris ɗin tayarta ya cinye, waccan ba za ta kai Anka ba. Motocin sukan je Anka su dawo lafiya lau, amma wannan bai taɓa rage masa komai ba.

Iliminsa na kanikanci ya samo asali ne daga wata damina da ya yi a Gusau yana sayar da rake a ƙofar wani gareji. Tun daga nan ya yanke cewa duk bakaniken da ka ga ya shige ƙarƙashin mota kurma ne. Shi kuwa zai buɗe nasa wurin, Garejin Kunne, inda babu sifana babu baƙin mai, sai kujera da inuwa. Mai mota ya gilma sau ɗaya, Namadi ya faɗi ciwon, shi ke nan. Don kada a ce likitan mota bai da mota, ya sayar da waken da ya noma ya sayi wata tsohuwar akori-kura.

Ana cikin haka matarsa Zulai ta haifi ɗan fari. Zulai 'yar Fulanin Gwashi ce, kuma bisa al'ada gidansu ya kamata ta je ta haihu, amma Namadi ya yi ta magiya har aka bar ta a Gummi saboda asibiti. Sai mahaifiyarta, Inna Yalwa, ta aiko da saƙo. Za ta zo suna. Idan gida da mai gida suka yi mata, za ta zauna ta yi wa 'yarta wanka a nan. In ba su yi mata ba, washegarin suna za ta kwashe uwa da ɗa ta yi Gwashi da su, dawowarsu kuma sai ranar da ta ga dama. Hankalin Namadi ya tashi ƙwarai, don duk cika bakinsa yana son Zulai kamar ransa, kuma tun da yaron ya zo duniya bai iya nisa da ƙofar ɗakin. Ga shi an taɓa tsegunta masa cewa Inna ta ce an aurar da ɗiyarta ga rediyo.

Saboda haka ya shirya dabara. Shi da kansa zai je ya ɗauko ta, a cikin motarsa, ta ga irin surukin da Allah ya ba ta. Ya saka farar shaddarsa, ya ɗauki Barau, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa. Tafiyar ba ta yiwuwa sai da Barau, domin tun da aka ɗaura aure Inna Yalwa ba ta taɓa yi wa Namadi magana kai tsaye ba, shi ma bai taɓa duban fuskarta ba. Kunyar surukai a wurinta ba abin wasa ba ce.

A Gwashi Namadi ya durƙusa nesa, ya kafa wa wata saniya ido.

"A ce ma Inna ina wuni."

"A ce mai jam, lahiya lau," in ji Inna, tana kallon wata saniyar daban.

Barau ya kai saƙo ya dawo da saƙo, alhali tsakaninsu bai kai tsawon tabarma ba. Aka shiga loda kaya: buhun gero, ƙore, itacen dafa ruwan wanka, da wani ƙaton gora da Inna ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ta zagayo bayan mota riƙe da goran, ta taɓa bodi ta ji rana ta gasa shi, ta girgiza kai, ta sunkuya. Namadi ya yi maza ya juya baya, don ba shi ne zai tsaya kallon surukarsa a sunkuye ba. Barau kuwa a lokacin kansa na cikin ƙwaryar fura. Da ta gama abin da take yi, Inna ta ƙi gaban mota ƙememe, ta shimfiɗa tabarma a bodi ta zauna, ta ba direba baya.

Ba su yi nisa a kan burji ba sai wani sauti ya taso daga wajen tayoyi. Cakal-cakal, cakal-cakal. Namadi ya rufe ido ya karkata kai.

"Buɗe idonka, tuƙi kaka yi," in ji Barau.

"Yi man kurum. Ka ji shi? Ruwa na. Ruwa ya shiga taya."

"Ta ina yash shiga?"

"Ta inda iska ka shiga. Kai mi kas sani?"

Ya taka birki, sautin ya ɗauke. Ya dubi Barau da alfahari, wai ga shaida nan. Ya sauka ya tsuguna gaban tayar gaba ta dama, ya danna bakin iskar da tsinke don ruwan ya fita. Iska ta yi ta fita tana shewa, Namadi na gyaɗa kai yana cewa ruwan na ƙasa, sai iska ta ƙare zai biyo baya. Iska ta ƙare, taya ta kwanta, ko ɗigo bai fito ba.

"Ya ƙahe," in ji Namadi. "Zahin hanya na."

Sai da suka jira wani mai keke ya zo wucewa suka roƙi famfonsa. Barau ya yi ta bugawa yana tsine wa rake da Gusau, mai keke na tambaya ko ƙusa suka taka, Namadi na bayyana masa cewa aikin ya fi ƙarfin fahimtar masu taya biyu. Daga bodi muryar Inna ta fito a hankali.

"A ce mai shi bar tsayawa."

"A ce ma Inna an gama. Ciwon ya hita."

Suna tayarwa sautin ya dawo, amma ya sauya murya. Yanzu ya yi kauri, ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal, kamar ana taka taɓo. Zufa ta karyo wa Namadi a ƙarƙashin hula, sai dai bakinsa bai mutu ba.

"Na san za a yi haka. Ruwan da yaƙ ƙahe ya ci boris."

"Ruwan da babu shi?"

"Shi hwa. Irin nai ya hi ɓanna."

A Bukkuyum ya tsaya gaban wani mai faci, ya ari jak da sifana, ya ƙi yarda mai facin ya taɓa komai. Nan da nan jama'a suka taru, don mutum mai farar shadda yana kwance taya ba kullum ake gani ba. Ya cire tayar gaba ta hagu, ya kara kunne a jikin ƙarfe, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba ita ba ce amma ta san wadda ta yi. Ya jingine ta ya nufi ta baya. Tayar da aka jingine ta ga an yi banza da ita, sai ta gangara abinta, ta ratsa tsakanin awaki, ta je ta zauna cikin faifan wata mai tumatur.

Mai tumatur ta taso da ludayin awo a hannu. Namadi ya fara yi mata bayanin boris, ta ce boris ɗin ya zo ya tsince mata tumatur. Haka likitan mota ya duƙa yana tsintar tumatur ɗaya bayan ɗaya, gaban shadda ya yi jawur, Barau na nuna masa waɗanda suka shige ƙarƙashin benci.

Da ya dawo sai sabuwar dabara ta zo masa. Ya mayar da tayoyin dama hagu, na hagu dama, na gaba baya, wai don kukan ya rikice ya rasa mazauni. Da aka gama ɗaurewa sai ga notuna sun yi saura a ƙasa. Mai faci ya nuna masa su.

"Malam, waɗanga hwa?"

"Ƙari na. Masu ƙera mota ka sa su don cin kuɗɗin mutane."

Ya zuba su a aljihu. Mai faci ya bi motar da kallo yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Da suka hau kwalta sai kukan ya lafa, ya koma ɗan motsi can ƙasa. Namadi ya gyara hula, ya ɗora gwiwar hannu a taga, farin ciki ya cika shi. A ransa har ya ga Zulai zaune a tsakar gida tana shan kunun kanwa, Inna na gaya wa maƙwabta cewa ashe rediyon nan akwai aiki a cikinsa.

"A ce ma Inna ta ji shiru ko? Aikin kunne ke nan."

Barau ya leƙa ta 'yar tagar baya, wadda gilashinta ya daɗe da tafiya lahira, ya isar da saƙo. Ya dawo da kai yana murmushi.

"Ta ce ka sauka daga bisa kwalta ka bi gehe, inda gargada take."

"Gargada?"

"Haka tac ce. Wai hanyag ga ta cika sulɓi, aiki ba ya yi."

Namadi ya daki sitiyari. "Gwada ni taka yi. So takai ta gani ko gyaran na ƙwarai na. A ce mata an ji."

Ya saki kwalta lafiyayya ya faɗa gefen hanya, inda ruwan damina ya yi rami a kan rami. Mota ta shiga rawa. Masu babura suna wuce su a kan kwalta suna waiwaye. Kukan kuwa ya dawo da sabon salo, wanda ya fi na baya tayar da hankali: dum, cakal, dum, cakal, kamar wani abu mai nauyi yana kai da komo a cikin ruwa. Abin da ya fi ɗaure wa Namadi kai shi ne, a madubi ya hango Inna tana gyaɗa kai, kamar mai jin daɗi. Ya ɗauka dariya take yi masa.

"Birki na," ya ce da ƙaramar murya. "Shina kama taya shina saki."

"Ɗazu ruwa, sannan boris, yanzu birki. Saura rediyo."

"Motag ga ba ta da rediyo."

"Tana da shi. Ga shi nan shina tuƙi."

Ya sake tsayawa. Bai shiga ƙarƙashi ba, don wannan aikin kurame ne, sai ya zura hannu ta bayan taya yana kallon sama, ya lalubo wani noti ya sassauta shi don birki ya sami sarari. Inna ta sake aiko da saƙo cewa wannan tsaye-tsayen zai ɓata komai, kuma saura kaɗan. Namadi ya fassara wa kansa cewa saura kaɗan haƙurinta ya ƙare.

La'asar sakaliya suka shigo Gummi. Namadi ya yi niyyar zarcewa gida ta bayan gari, amma hanyar dole ta bi ta tasha, kuma rumfar mai shayi cike take da waɗanda suka sha jin labarin Garejin Kunne. Ya ce bari ya ɗan rage gudu ya ɗaga musu hannu. Ya taka birki, birki ya tafi har ƙasa bai ce masa komai ba. Ya sake takawa. Mota ta ci gaba da tafiyarta a natse, ta wuce rumfar mai shayi, ta wuce mai rake, ta kori wani mai baro, Barau na leƙe ta taga yana roƙon jama'a su ba da hanya don Allah. Daga ƙarshe ta je ta cusa hanci cikin tarin buhunan dusa ta tsaya. Tayar gaba, wadda notunanta ke aljihun Namadi, ta ɗan yi tunani, sannan ta kwanta gefe.

Tasha ta watse ta sake haɗuwa a kansu. Direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, har da mai dusar, wanda ya zo yana tambayar wa zai kwashe masa. Babu wanda ya ji ciwo. Inna na zaune a kan tabarmarta kamar ba a yi komai ba, ta dai gyara lulluɓi.

Namadi ya fito fari fat da dusa a sama, ja da tumatur a ƙasa, ya ɗaga ɗan yatsa.

"Da gangan nit tsaya nan. Ina son ku ga wani ciwo da ba a taɓa gani ba a ƙasag ga."

"Ga shi kau shina ɗiga," in ji wani direba, yana nuna ƙarƙashin mota.

Kowa ya duƙa. Tsakanin tayoyin baya wani farin ruwa na ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis. Namadi ya dangwala da yatsa ya shinshina.

"Man birki na. Ya tsinke, ya yi hwari."

Ya kai yatsan baki. "Har ya yi tsami. In man birki yak kai haka, sai addu'a."

"Shiga ka gani mana, likita," in ji mai shayi.

"Ni ban shiga ƙarƙashin mota."

"To mu kira kurma shi shiga," in ji Barau.

Dariya ta tashi. Namadi ya saci kallon bodi, ya ga ƙeyar Inna, ya tuna da Zulai da ɗan jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Ya cire hula ya miƙa wa Barau, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige. A can ciki, bayan safayar taya, inda rana ba ta kaiwa, ya ga wani dunƙulallen abu naɗe da buhu, an ɗaure shi tamau da igiya a jikin ƙarfe.

"Na gane shi," ya yi kira daga ƙasa. "Tankin birki na, ya kumbura. Masu motag ga na hwarko sun ɗaure shi da igiya, 'yan ha'inci. Bari in sassauta mai."

A karo na farko Inna ta yi magana da sauri. "A ce mai kash shi taɓa marhin."

Saƙon bai kai ba. Namadi ya riga ya kama toshin ya murɗa. Nonon da ya wuni yana kaɗuwa tun daga Gwashi ya tara iska, sai ya yi fam, ya feso masa a fuska, ya cika masa hanci da kunnuwa duka biyu. Ya fito da baya da baya yana tari, tsala na zuba daga gemunsa. Barau ya lakato daga kafaɗarsa ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Jama'a, wa ad da hura?"

Inna Yalwa ta sauko a hankali. Wannan karon babu wanda ya juya baya. Ta sunkuya ta kwance igiyar, ta jawo goranta, ta nemi ƙwarya a cikin kayanta ta juye abin da ya rage. Sai ga curin man shanu ya faɗo, rawaya mai sheƙi, ya kai kan jariri girma. Matan da ke tallar nono a tasha suka matso suna salati, suna cewa rabonsu da ganin mai ya haɗu haka tun suna 'yan mata.

Nan fa aka gane komai. Man tuwon suna ne Inna ta ga babu lokacin kaɗawa, ta ce hanya ta kaɗa mata, ta ɗaure goran a inuwa inda girgiza ta fi yawa. Ita duk wunin nan ba ta san kukan da ake nema ke nan ba, domin a kunnenta wannan ba kuka ba ne, sautin kowace safiya ne. Da ya yi cakal-cakal nono ne, da ya yi kauri ya fara kamawa, da ya koma dum-dum mai ya haɗu. Wani ɗan kamasho ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Mai shayi ya ce gobe zai aiko da madararsa Garejin Kunne a duba masa ita.

Namadi bai ce uffan ba, abin da Gummi ba ta taɓa gani ba. Ya tsaya kansa a ƙasa, notuna na ƙara a aljihunsa, zuciyarsa ta karye. Ya san an gama, Zulai ta tafi Gwashi.

Inna ta rufe man da faifai, ta juya wajen Barau.

"A ce mai motatai ta iya kaɗa nono. Wanga kam ban hana mata ba."

"Ya ji, Inna."

"A ce mai kuma ba ni tahiya da Zulai."

Namadi ya ɗago kai, ya manta da kunya har ya kusa duban fuskarta. Daɗi ya rufe shi, bakinsa ya fara dawowa.

"A ce ma Inna na gode. A ce mata dama na san in tag ga aikina..."

"Ban ƙare ba," in ji Inna. "A ce mai ni ma ba ni komawa. Nan za ni zama, ɗaki guda da su, har a yaye yaron. Mutumin da yaj ji nono na kuka yak kwance ma mota ƙahwahu, in jikana yay yi kuka ban san mi za ya kwance mai ba."

Haka kuwa aka yi. Zulai ta zauna, yaro ya ci sunan Faruku, aka ci tuwon suna da man da ya fi na kowa. Sai dai tun daga ranar Namadi bai sake shiga gidansa da tsayuwarsa ba, don tabarmar Inna na shimfiɗe daidai ƙofar ɗaki, shi kuma ba ya iya ratsa ta gabanta. A zaure yake wuni. Idan Faruku ya tsala kuka a ciki, sai ka ga Namadi ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗaga ɗan yatsa.

"A ce ma Zulai yunwa ta. Na ji ta sarai."

Daga ciki sai muryar Inna ta fito, ba ta ko ɗaga ta ba.

"A ce mai wanka aka yi ma yaron."